Layin Famfo, Ƙarfe Uku na Dare

Jarka tara a gabana, ta goma tawa ce,
na ɗaura mata jan ƙyalle a wuya don kada ta ɓace.
Famfon Garin Malam ya yi shiru tun Talata,
sai iska yake furzarwa kamar tsoho mai tari.
Mu mata mun kasa masa kunne
yadda ake sauraron numfashin majinyaci.

Ya Ubangiji, a nan nake nemanka yanzu.
Ran Lahadi ka san wurina, benci na uku,
zane da guga, murya a sama.
Yau dube ni: silifa ɗaya ya tsinke,
barci a ido, dala arba'in a bakin zane.

Barnaba ya hau motar Agadas ran da aka fara cirar gyaɗa.
Ya ce, "Inna, wata huɗu."
An cire gyaɗa, an ɓare, na matse mai, na soya ƙuli,
an sake shuka wata, ta yi fure.
Lambarsa na nan a bayan kalandar majami'a
da rubutun hannunsa, bakwai ɗinsa mai kama da lauje.
In na buga, wata mace ce ke ɗauka da Faransanci.
Ba ta san shi ba. Ba ta san kowa ba.
Kullum maganarta ɗaya.

Wani dare na ji tsoro
kada addu'ata ita ma can take zuwa.

Fasto Istifanus ya ce kana ji.
Na yarda, ban ce ban yarda ba,
amma yarda ba ta hana maƙogwaro bushewa.
Kai nake so, ba labarinka kaɗai ba,
ba amin ɗin da muke haɗa baki mu ce
kowa ya kama hanyar gida da nasa kayan.

Barira na gefena a kan tabarma tana jan carbi,
nata ɗan ma shekara biyu ba amo.
Ita tana ƙirga, ni ina motsa leɓe.
Ta ɓara goro ta miƙo mini rabi ba ta dube ni ba,
ba mu taɓa gardama a kan wa ake kira ba
da ƙarfe uku na dare.

An koya mana ka taɓa zama a bakin rijiya,
rana tsaka, ƙafa ta gaji, ba guga a hannunka,
har ka roƙi wata mace ruwa.
Duk abin da aka koya mini, wannan na fi riƙewa.
Yesu, ka san ƙishi daga ciki,
ka san yadda harshe ke manne wa ganɗa,
ka san jira.
To me ya sa ka yi nisa haka?
Ko kuwa kai ne na sha ɗaya a layi
ban waiwaya ba?

Shekaranjiya na dawo daga Kasuwar Dole da dare,
ciniki bai yi ba, tire a kai,
na jingina da wani dutsen Birni in huta.
Rana ta faɗi tun tuni, duhu ya rufe,
amma dutsen na nan da ɗumi
kamar bayan wanda ya goye ni ina ƙarama.
Na daɗe ban ɗaga ba.
Ban gaya wa kowa ba, sai kai, sai yanzu.

Ji! Famfo ya yi gyaran murya.
Ya tofa laka, ya yi shiru, ya sake tofawa.
Mata sun miƙe, zannuwa na kaɗawa,
wani jariri ya farka da kuka.
Ga shi nan, siriri kamar zaren ɗinki,
ja-ja, yana rawa, yana shiga jarka ta fari.

Ban san ko zai kai ta goma ba.
Ban san inda ɗana ya kwana ba.
Zakaran gidan Barira ya yi cara.
Na sunkuya, ya Uba,
na kwance murfin tawa.