Sandar da ke Cikin Kogi

Shekara bakwai ina sauka gaɓar nan ta Auyo
kafin masunta su kwance kwalekwale,
biro a kunne, littafi a aljihun taguwa.
Sandar gwamnati na tsaye cikin ruwa har ƙugu,
jikinta tsaga-tsaga kamar kuncin kakata.

Kogi ba ya tsayawa a karanta shi.
Ya lashi bakwai, ya koma shida,
Jibo ya tuƙo jirginsa, ya tura shi takwas.
Nakan tsuguna sai idona ya yi kafaɗa da ruwa,
don mai dubawa daga tsaye
har tsawonsa yake zubawa a lissafi.
In rubuta: mita biyu, ɗigo, huɗu, bakwai.
Biyun na kogi ne. Huɗun ma nasa.
Bakwai ɗin nan kuwa rabi nasa, rabi nawa,
na kuma san haka.

Wata Talata Mudassir ya zo daga Dutse a kan babur,
ya tara awon mako, ya raba bakwai a wayarsa,
ta zubo masa lambobi kamar an ɓarke buhun riɗi:
biyu, ɗigo, huɗu bakwai ɗaya huɗu biyu takwas biyar.
Na ce, yaro, uku na ba ka,
ina ka samo sauran?
Wanda ya auna gero da tiya
ba ya rantsuwa a kan yawan ƙwaya.
Ya sosa ƙeya, ya datse wutsiyar.
Ranar har a majalisa na ba da labari, sau biyu.

Da rani ya janye ruwa
masu awon ƙasa suka kafa na'urarsu mai ƙafa uku,
suka leƙa, suka yi ƙus-ƙus, suka sake leƙawa.
Ashe sandar ta nutse a laka yatsa huɗu.
Tun bara? Tun bara waccan? Laka ba ta faɗa ba.
Duk tsugunon nan, duk ƙanƙance idon nan,
kibiyata kullum wuri guda take sauka,
amma ba a jikin nama ba.
Na yi wa kogi gyara da bai roƙa ba
kowace safiya, da kyakkyawan rubutu.

Na ce a ba Hansai littattafan ta hura wuta.
Mudassir ya dafe su da tafin hannu:
Baba, kuskuren da aka san girmansa
ai bashi ne, ana cirewa.
Wanda ba a sani ba shi ke cin gari.

Yanzu na sassaƙa alama a ginshiƙin gada,
duk sabon wata ina gwada sandar da ita.
A gefen kowace lamba nakan ƙara:
ko sama da ɗaya, ko ƙasa da ɗaya.
Ginshiƙin ma, wani lokacin,
nakan tsaya in daɗe ina kallonsa.