Takunkumin Bindigar Babana

A kan teburin kicin, a Lairg, ƙarshen Oktoba,
ina riƙe da biro, babana Torcuil na riƙe da kofi.
Buta na ta fito a kan wuta.
Bai waiwaya ba.
Shekara talatin da huɗu yana rage barewa a tsaunukan wani,
yau kukan butar gidansa ba ya iso masa.

Takardar ta ce: faɗi dalili.
Na ɗaga murya, Baba, dalili suke so!
Ya ce, rubuta musu kunnen hagu.
In sun ce bai isa ba, ƙara da na dama,
shi ma ya ɗaure kayansa.

Kafaɗa ce ta fara kai ƙara, shekarun baya.
Bindigar na shuri kamar alfadari,
sai maƙeri Ruairidh na Dingwall
ya ɗaura mata birki a baki,
guntun ƙarfe mai huji shida.
Shuri ya kwanta, kafaɗa ta yi barci,
amma tsawar da a dā ke wucewa gaba
ta koyi hanyar dawowa ta gefe.
An gudu ba a tsira ba.
Karyarmu Sgian ta daina zuwa in ta ga an ɗauko jakar,
sai ta shige ƙarƙashin mota, tana kallonmu da ido ɗaya.

Lasisinsa layi-layi ne:
bindiga biyu, harsashi ɗari biyu,
daga wancan tafki zuwa wancan shinge.
Shi kuwa takunkumin da muke roƙo,
bututun da ko tsakuwa ba zai iya jefawa ba,
sai an buɗe masa nasa layin.

Saja Kirsteen ta zo ranar Laraba, takalmanta jiƙe.
Ta jijjiga akwatin ƙarfe ta ji ko yana riƙe da bango,
ta karanta lambobi da tocila,
ta ƙirga harsashi, ta sake ƙirgawa.
Ta ce, na san ka tun ina firamare,
amma layi, layi ne.
Ban yi fushi ba.
Akwai garin da a ƙasar nan
in an ambaci sunansa, cokula kan tsaya.
Ƙirgar nan daga can ta samo asali.

Mako goma sha ɗaya.
Ambulan ta iso tare da ƙanƙarar Janairu.

Ya murɗa shi a bakin bindiga,
ya auna a tafin hannu, ya yatsina fuska:
sun ba ta hancin giwa.
Muka hau tun duhu, muka yi rub da ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa,
iska na dukan kumatunmu, yadda yake so.
Ya ja kunama.

Kada fim ya ruɗe ku, ba shiru ba ne.
Kamar dai an buga ƙofa a gidan maƙwabta.
Tsohuwar barewa ta durƙusa.
Sauran suka ɗaga kai, sun rasa ta ina.
Sgian, a gefen ƙafata, ko gezau.
Na ji iska ta ci gaba da maganarta daga inda ta tsaya,
abin da ban taɓa ji ba a bayan harbi.

Muna gangarowa ya tsaya, ya dafa kunne.
Ishbel, ya ce, gyaren nan na ciki bai san an ba da izini ba.

A watan Afrilu muna gyaran shinge
ya tambaye ni ko tsuntsun fadama mai dogon baki
ya dawo bana.
Yana bisa kanmu a lokacin,
yana kuka, yana kewaya mu.
Na ajiye guduma, na kama haɓarsa,
na ɗaga masa kai sama.