Matakala Tamanin da Bakwai

Daga ƙofar gidana zuwa titin da bas ke bi
matakala tamanin da bakwai ce.
Shekara talatin ina sauka ban taɓa ƙirgawa ba,
sai da na daina sauka na san adadinta.

Valparaiso gari ne da aka rataye a jikin dutse,
gidaje kamar shanya, shuɗi da rawaya da ja,
teku a ƙasa yana wanke wa garin ƙafa.
Ni Eleodoro, direban bas,
har ranar da birki ya ƙi ji a gangara
na haɗa mutum goma sha tara da katanga.
Ba wanda ya mutu. Kowa haka yake faɗa mini.
Amma hannuna bai saki sitiyari ba,
wata bakwai yana damƙe da shi
a kan tebur, a ƙarƙashin bargo, a cikin barci.

Likita ya ce kafaɗa ta ɗore, hoto ya yi kyau.
Hoto ba ya nuna labulen da ba a ɗagawa,
ba ya nuna miyar da 'yata Fresia
ke mayarwa tukunya kowane dare.

Sai ga Maritza mai gashin ƙashi,
guntuwar mace da jakar goyo,
tana haki, don ita ma matakalar ta hawo.
Na zaci za ta tambaye ni zuciyata.
Sai ta ce, "Ina kafaɗunka?"
Na ce ga su.
Ta ce, "Sun tare a kunnenka. Sauko da su gida."
Na yi dariya, ta farko tun Afrilu,
ta fito kamar tari.

Ta kwantar da ni a ƙasa,
ta ɗora mini ƙullin shinkafa a ciki,
wai in ɗaga shi da numfashi kawai.
Ashe duk watannin nan a maƙogwaro nake numfashi,
kamar baƙon da ke shan ruwa a tsaye
yana jiran a kore shi.

Ta ba ni lemo: matse, saki.
"Matsewa ka iya," in ji ta, "sakin muke koyo."
Ranar da yatsuna suka buɗe da kansu
hawaye suka shigo ba sallama.
Ta juya taga tana ƙirga jiragen ruwa
har na gama.

Sannan matakala.
Talata uku. Juma'a bakwai.
Wata Talatar na koma biyu, na zage ta,
ta rubuta biyu a littafinta, ta ce sai Juma'a.
A ta ashirin da biyu gwiwa ta kama rawa.
"Bar ta ta yi rawarta. Ji tafin ƙafarka.
Dutse ne ko iska?"
Dutse ne.
A ta arba'in akwai fure a tsagar bango
da karen da bai manta warina ba.
A ta sittin na ji ƙamshin gidan burodi
cikina ya yi ƙugi, na tsaya ina mamaki:
yunwa, ke ce? Ina kika shiga?

Jiya na taka ta ƙarshe, ni kaɗai.
Bas ta zo, wani yaro a kujerata,
birki ya huci, wuyana ya sandare,
hannuna ya damƙe iska.
Na nemo tafin ƙafata. Dutse ne.
Na sauko da kafaɗa. Na saki lemon da babu.
Yaron ya buɗe ƙofa yana kallona,
na girgiza kai, ya wuce.

Ban hau ba. Ban san yaushe ba.
Na sayi burodi huɗu, da zafinsu,
na juya na fuskanci dutsen.
Can sama Fresia ta ɗaga labule,
tana ƙirgawa da leɓe.