Shawarar Mai Gyaran Gangare

Kin tare ni a tashar mota, Maëlle, gari bai gama wayewa ba,
allon zamiya a kafaɗa, hanci ja, numfashi na tururi,
kika ce, "Baba Gieri, wane tsauni zan hau?"
Ni ba ɗan talla ba ne.
Shekara ashirin da shida nake tuƙa motar gyaran gangare
cikin dare, kuna minshari,
ina ɗinke tsagar da kuka yi wa dusar ƙanƙara da rana.
Zauna. Motar ba ta zuwa sai bakwai da kwata.

Rabu da wuraren da sunansu ya cika gari.
Can layin hawa ya fi gangaren tsawo,
ki tsufa a tsaye, yatsu su mutu cikin takalmi,
kofin shayi kuma kuɗin akuya.
Bi kwarin nan har inda kwalta ta gaji.
Akwai tsofaffin kujerun igiya masu kuka kamar ƙyauren da ya manta mai,
su za su ɗauke ki zuwa kafaɗar dutsen da ke kallon arewa.
Rana ba ta lasar wurin sai ta karkata,
dusar tana nan gari-gari
kamar an tankaɗe ta daren jiya.

In gwiwarki sabuwa ce, fara da gangare mai shuɗiyar alama.
Ki faɗi, ki kakkaɓe, ba mai ƙirgawa.
Ja sai jibi.
Baƙa kuwa bar ta ta jira, ba inda za ta.
Igiyar da muka gitta a gefe ba ado ba ce,
tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.
Curdin, ɗan ƙanwata, ya ɗaga ta ya wuce, shekara tara ke nan.
Tsaunin ya yi tari sau ɗaya.
Kare ne ya tono shi, da ransa,
amma har yau in ƙanƙara ta sulmiyo daga rufin gida
sai ya ajiye cokali.

To, maganar ciki, wadda ta fi kowace.
Kada ki ci a ƙasa, inda ake ajiye motoci,
abincin can bai san sunan mai dafa shi ba.
Rabin hanya akwai bukkar katako, hayaƙinta na fita a karkace,
ta Mengia ce, wadda ba ta murmushi kafin sha biyu.
Ce mata miyar sha'ir,
mai kauri har cokali ya tsaya da ƙafarsa.
Ce mata capuns, kwaɓi ne naɗe cikin ganye,
ya dahu cikin madara da romo,
cuku a kai yana zare kamar yauƙin kuɓewa.
Za ta yanko miki busasshen naman sa,
siriri har ki hangi fitila ta cikinsa,
iskar tsauni ce ta shanya shi, bai ga wuta ba.
Kek ɗinta mai ƙwayar itace da narkakken sukari, sayi yanka biyu,
ɗaya a aljihu, don ƙarfe uku in cinya ta fara rawa.
Kada dai ki ce ni na turo ki,
tana bi na bashin uku tun bara.

Ƙarfe huɗu ki sauko. Inuwa na hawa da sauri a nan.
In kin leƙa taga da dare
kika ga haske ɗaya na rarrafe a ƙirjin dutse,
ba tauraro ba ne, ni ne,
ina share sawunki har da ramin da kika faɗi,
gobe ki tarar da shi fes
kamar ba ki taɓa kuskure ba.

Ga motarki can ta shawo kwana.
Ɗaure hular kwanon sosai. Kin bar safar hannu a kan benci.