Baƙo a Kwalin Ƙanƙara

Da asuba motar Legas ta tsaya a Faringada,
kwana biyu a hanya, tana zufar sanyi.
Muka sauke kwali arba'in da ɗaya.
Na ƙarshen ne ya zo da magana.

Tsakanin titus da shawa,
kwance kamar wanda ya hau motar da ba tasa ba,
ga wani mai ruwan toka, kamu ɗaya da rabi,
bakinsa can ƙasa, kamar an tsaga masa shi da reza.

Kangyang mai suya ta ja da baya:
"Ɗanliti, wannan ba na kasko ba ne."
Yaron shago ya ce dodo.
Na shafa shi daga kai zuwa wutsiya, sumul,
na dawo da hannuna baya,
sai ya kankare min tafi kamar sanfefar kafinta.

Da la'asar Gwamma ta sauko daga jami'a,
ta aje jaka, ta durƙusa a jiƙaƙƙen siminti.
"Baba, ɗan shak ne. Ko girma bai yi ba."
Ta lanƙwasa shi, ya lanƙwasu.
Wai ba ƙashi ko ɗaya a jikinsa,
duk guringuntsi ne, irin na kunnena.
Ta buɗe bakin da biro:
haƙora sahu bayan sahu,
na gaba ya faɗi, na baya ya matso.
Na zura harshe a giɓin turamena biyu,
na yi shiru.

Wai yana jin bugun zuciyar kifi
ko ya ɓuya a ƙarƙashin yashi.
Wai kakanninsa sun riga bishiya zuwa duniya.
Wai a danginsa akwai waɗanda in suka daina iyo
numfashi ya yanke.
Na ce wannan kam ɗan'uwana ne,
ranar da na zauna, murhun gidana ya huce.

Sai ta juya shi.
A gadon bayansa, inda tutarsa ya kamata ta tsaya,
akwai shatin wuƙa, fari fat, a daskare.
An yanke, an shanya, an haye da ita wani teku
don kwanon miya guda.
Ta ce shi ma ya yi sa'a da aka kawo gawarsa,
wasu da ransu ake mayar da su ruwa,
su yi ta nitsewa, ido buɗe,
ba abin tuƙi.

Na ce, ai yana cin mutane.
Ta ce, Baba, wanda yake ci a shekara a duk duniya
bai kai na Hawan Kibo ba.
Namu lissafin kuwa, miliyoyi ne.
Ga shi da nawar haihuwa:
wata sai ta haura shekara goma kafin ɗan fari,
koma kuwa ba ta jiran kowa ya yaye.

Ban taɓa ganin teku ba.
Amma ni ɗan Jos ne,
na san ramin da ake bari in an kwashe kuza,
ruwa ya cika shi, kore shar, ba motsi,
daga nesa ka ce lafiya lau.

Ban sa shi a sikeli ba.
Gwamma ta naɗe shi a buhun gishiri,
gobe zai kwana a kwalba, a ɗakin gwaje-gwajensu.
Haƙori ɗaya ya maƙale a kwalin,
na jefa shi cikin gwangwanin canji.

Da dare na buɗe littafin ciniki.
Titus, sha takwas. Shawa, ashirin da biyu.
A layi na arba'in da ɗaya
na rubuta asara,
na daɗe biro na tsaye,
ban san ta wa zan ce ba.