Kwana Uku a Rize

Bara agogo na aiko.
Bara waccan, kwat mai gashi a wuya.
Kafin nan waya, mai manyan lambobi saboda idonsa.
Yau na buɗe kabad ina neman tawul,
sai ga su a jere, kowanne cikin kwalinsa,
ko zaren ɗaurin ba a kwance ba.
Na mayar da ƙofa a hankali
kamar wanda ya leƙa asirin wani.

Bana Baba Nurettin ya cika tamanin da ɗaya.
Ban riƙo komai daga Istanbul ba
sai 'yar jaka, da kwana uku
da na ɓamɓaro da ƙyar daga bakin aiki.
Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata.
"Ina kwalin?"
Na ce babu.
Ya ce, "Madalla. Shigo, hadari ya haɗo."

A Rize ruwan sama ba ya sallama.
Muka zauna a baranda,
gonar shayi ta gangara hawa-hawa har bakin teku,
yana tsiyaya mana a kofunan gilas masu siririn ƙugu.
Hannun na rawa. Rabi a kofi, rabi a faranti.
Na miƙa nawa zan karɓi buta,
ya yi min hararar da na sani tun ina ɗan shekara bakwai.
Na janye.

Wayata ta yi kuka sau biyu a aljihu.
A na uku na kashe ta,
na kai ta kabad wajen 'yar'uwarta.

Ya ba ni labarin haɗuwarsa da innata, Feriha,
ranar da kwandon ganye ya fi ƙarfinta ya ɗaukar mata.
Na san labarin kamar yunwar cikina.
Bayan la'asar ya sake shi daga farko.
Washegari, ina masa aski,
fatar kumatu kamar takardar da ta sha ninki,
ya soma a karo na uku, kumfa a leɓe,
sai ya tsaya, ya yi dariya har reza ta kusa yanka shi:
"Ashe dutse ta sa a ƙasan kwandon.
Sai da aka haife ka ta faɗa min."

Shekarata arba'in da shida ban taɓa jin dutsen nan ba.
Yana can ƙasan labarin,
ni kuma kullum a na farko nake duba lokaci in tashi.

Ranar kanta, maƙwabciya Nezaket ta kawo burodin masara
da ƙananan kifi soyayyu.
Ya ce, "Bikin wa ake?"
Muka ce naka.
Ya ce, "Uwata dai ta ce lokacin tsinkar masara na zo.
Kwanan wata, magatakarda ne ya ga dama ya rubuta."
Ya ci kifi goma sha ɗaya. Na ƙirga.
Sannan barci ya sace shi a kafaɗata,
hannuna ya mutu, ban motsa ba
har ladan ya kira magariba.

Da asubar tafiya ya buɗe kabad da kansa,
ya miƙo min wayata, ya kwance zaren kwali guda.
Agogon na nan yana bugawa.
Shekara cur cikin duhu, ba mai saurare.
Ya ɗaura min, yatsunsa na laluben ramin maɗauri.
"Kai ke da bukatarsa. Ni ladan ya ishe ni.
Amma aro ne, ka ji?
Ka dawo min da abina kafin sanyi ya shigo,
kuma ban yarda da ɗan aike ba."

Mota ta sha kwana, gidan ya ɓace bayan gonar.
Ban kunna wayar ba sai da muka wuce Trabzon.