Ƙyauren da Ya Fi Ƙarfina

Ni kafinta ne a Kumo,
ƙyauren da na kafa ba ya kuka.

Ladiyo na aji uku ta fara cewa
ko yawu da ƙaya yake wucewa.
Muka ba ta zuma da citta.
Ciwo ya tafi, ya dawo bayan salla.
Wanzami ya zo ya cire beli.
Ya tafi. Ya dawo.
Maƙogwaro dai, wa ke kai shi asibiti?

Sai gwiwa ta kumbura,
ta bar 'yar gala-gala,
daga rijiya zuwa randa
sai ta huta sau uku.

A Gombe likita ya kasa kunne a ƙirjinta,
ya daɗe.
Ya ce akwai ƙyaure cikin zuciya,
nata ba ya rufuwa,
ta maƙogwaro gara ta shiga.

Na dubi hannuwana.

Yanzu duk wata allura,
tana cije leɓe, ina riƙe da takalmanta.

Jiya ƙaninta Buba ya ture tuwo,
wai haɗiya da zafi.
Na ajiye zarto,
ko rigata ban karkaɗe ba
na tare ɗan acaɓa.